Bindiga Ɗaya, Wasa Biyu: Ilimin Da Ke Ciki, Haɗarin Da Ke Waje

 

Yau za mu leƙa wani aikin hannu da wasu matasa a Japan da Turai da Amurka suka mayar abin sha'awa, wato harhaɗa bindigar wasa mai kama da ta gaske, wadda za a yi wasa iri biyu da ita. Wasa na farko sunansa eyasof, inda 'yan wasa suke harbin juna da ƙananan ƙwallayen roba. Na biyu kuma leza-tag, inda ake harbin juna da haske. Mun ɗauko batun ne saboda darussan fizis da kuke yi daga aji huɗu zuwa aji shida suna nan kwance a cikin wannan abu. Sai dai akwai wani sashe nasa da ya ci rayuka, kuma za mu zo kansa.

Mai jefa ƙwallo

A Japan aka fara eyasof a shekarun 1970. Dokar ƙasar ta tsananta sosai a kan mallakar bindiga, sai masana'antu suka shiga ƙera na wasa don masu sha'awa. A farkon shekarun 1990 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir, wadda ita ce ta fi yaɗuwa har yau.

Babu albarushi a cikinta ko kaɗan. Idan aka ja kunama, batir zai juya wani ƙaramin injin lantarki, injin ya juya giya uku, giyar ta ja fistin baya ta matse sifirin. Da an saki fistin sai ya ingiza iska, kamar yadda famfon keke yake yi, iskar ta tura ƙwallon waje.

Faɗin ƙwallon milimita 6 ne, wanda aka fi amfani da shi kuma nauyinsa giram 0.20, yana fita da gudun kimanin mita 100 a daƙiƙa. Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Ƙarfin abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa, sau gudunsa, sau gudunsa. Giram 0.20 daidai yake da kilogiram 0.0002. Rabinsa 0.0001, sau 100, sau 100, ya ba mu jul 1. Dokar Japan ta tsayar da ƙarfin waɗannan bindigogi a ƙasa kaɗan da wannan adadi. Jul 1 ba ya kashe mutum, amma yana iya fasa ido ko ya ɓantare haƙori. Shi ya sa ba a barin kowa ya shiga filin eyasof ba tare da tabarau na kariya ba.

Akwai wata dabara kuma. A farkon bututun an sa ɗan guntun roba da ke gogar saman ƙwallon yayin fitarsa, sai ya riƙa juyawa da baya yana tafiya. Wannan juyi yana sa iska ta ɗaga shi, ya yi nisa kafin ya faɗi. Bajamushen nan Heinrich Magnus ne ya yi bayanin haka a 1852, kuma shi ne dalilin da ya sa gwanin bugun tazara yake iya lanƙwasa ƙwallo ta kewaye katangar 'yan wasa.

Mai jefa haske

Leza-tag ya samo asali ne daga wata na'ura mai suna MILES da sojojin Amurka suke atisaye da ita ba tare da harsashi ba. A 1984 wani mai suna George Carter ya buɗe gidan wasa mai suna Photon a birnin Dalas na jihar Teksas, sannan a 1986 aka fara sayar da na yara mai suna Lazer Tag.

Duk da sunan, yawancinsu ba leza suke harbawa ba. Ɗan ƙwan fitila ne irin wanda yake a goshin rimot ɗin talabijin, mai fitar da hasken da ido ba ya gani. Ana kiransa infirared, William Herschel ne ya gano shi a 1800, lokacin da ya lura ma'aunin zafi yana hawa a gefen jan launi, inda ido ba ya ganin komai.

Rana ma tana zubo irin wannan haske. To, yaya na'urar da ke jikin rigar ɗan wasa take bambance harbi da hasken rana? Amsar ita ce ƙyaftawa. Ƙwan yana kunnuwa yana mutuwa sau 38,000 ko 56,000 a daƙiƙa ɗaya, na'urar karɓa kuma an ƙera ta ta kula da wannan ƙyaftawa kaɗai. Kamar yaro ne a tsakiyar kasuwa, hayaniya ko'ina, amma muryar mahaifiyarsa yake ji.

Hasken har magana yake yi, irin ta kalangu. Dogon bugu yana nufin 1, gajere yana nufin 0. A tsarin MilesTag, wanda masu haɗawa a gida suke amfani da shi, kowane harbi yana ɗauke da lambar wanda ya harba, da ƙungiyarsa, da yawan makin da za a zaftare wa wanda aka sama. Bugu 7 aka ware wa lambar ɗan wasa. Idan kuka ninka 2 da kansa sau 7 za ku sami 128, wato mutum 128 ne za su iya wasa kowa da lambarsa.

Taura biyu a baki ɗaya

Mai son haɗa wasannin biyu yakan fara da gangar jikin bindigar eyasof. Sai ya samo wani bututu mai faɗi ya ɗaura a bakinta, ya sa ƙwan a ciki, ya sa gilashin ƙara girma a gabansa don ya tattara hasken wuri ɗaya. Zai ƙara makunni a bayan kunama, da ɗan allon kwamfuta irin Arduino, da 'yar lasifika. A nan ne zai gane dalilin da ya sa Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Matsala ta farko wuta ce. Batirin eyasof yakan ba da bolt 7.4 ko 11.1, allon kuma bolt 5 yake aiki da shi. Ban da haka, duk lokacin da injin ya tashi yakan zuƙe wuta da yawa har allon ya rikice. Saboda haka wasu suke ba kowane sashe batirinsa.

Ta biyu saiti ne. Ƙwallo yana ɗaukar fiye da kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa kafin ya ci mita 30, yana tafiya yana sunkuyawa, iska kuma tana kaɗa shi. Haske kuwa gudunsa kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, kuma a miƙe yake tafiya. Saitin da ya yi wa wannan daidai ba zai yi wa wancan ba.

Ta uku ita ce mai tsanani. 'Yan leza-tag ba sa sa tabarau, don haske ba ya fasa ido. Bindigar eyasof kuwa, ko an zare gidan ƙwallayenta, sau da yawa guda ɗaya yakan maƙale a ciki. Mantuwa ɗaya ta isa ta raba aboki da idonsa. Mai hankali yakan cire wayar injin, ya kuma toshe bakin bututun, kafin ya koma wasan haske.

Kama da wane

Yanzu mun zo kan sashen da muka ce ya ci rayuka, wato gangar jikin. Ba ta ƙara wa ƙwallo gudu, ba ta ƙara wa haske nisa. Aikinta kawai ta yi kama da ta gaske. Gaskiya ne kama da wane ba wane ba ne, amma wanda ya hango ku daga nesa ba shi da lokacin tantancewa.

A 1987 wani saurayi ɗan shekara 19 yana wasan Lazer Tag da abokansa da dare a harabar wata makarantar firamare a Kalifoniya. Aka kira 'yan sanda, wani jami'i ya ɗauka bindigar gaske ce, ya harbe shi har lahira. A ranar 22 ga Nuwamba, 2014, a birnin Cleveland na jihar Ohayo, ɗan sanda ya harbi Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana wasa da ƙaramar bindigar eyasof a wurin shaƙatawa. Washegari ya rasu. Tun 1988 dokar Amurka ta ce a riƙa sa alama mai launin ruwan goro a bakin bindigar wasa, amma ta hannun Tamir ba ta da ita. A Birtaniya, dokar 2006 ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 bindigar kwaikwayo.

Ku dubi halin da muke ciki a nan gida, da shingayen jami'an tsaro a hanyoyi, da 'yan sa-kai a unguwanni, da jama'ar da ta'asar 'yan bindiga ta sa kowa a firgice. Yaron da ya fito lungu da magariba riƙe da abu mai kama da bindiga ya saka kansa da iyayensa a uku. Don haka shawararmu a bayyane take: kada ku ƙera, kada ku saya, kada ku ara. Ku ja kunnen ƙannenku ma game da bindigar roba mai ƙwallaye da ake sayarwa lokacin Sallah, domin ido ba shi da sauyi.

Abin da za ku iya gwadawa

Ilimin da ke ciki kuwa naku ne, kuma ba ya buƙatar siffar bindiga. Ku fara da wannan: ku nuna goshin rimot ga kyamarar waya, ku danna maɓalli. Za ku ga ƙwan yana walƙiya a fuskar wayar. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, ku gwada ta gaba.

Daga nan ku nemi malamin fizis ko na kulob ɗin JETS ya ara muku gilashin ƙara girma. Ku riƙe shi kusa da bango, ku riƙa matsar da shi har hoton taga ya fito tar a jikin bangon, sai ku auna tazarar da rula. Kada ku kuskura ku kalli rana ta cikinsa. Ku naɗe kwali ya zama bututu mai wannan tsawo, gilashi a gaba, ƙwan rimot a baya. Ku ƙirga taku nawa rimot yake iya kunna talabijin haka nan, sannan taku nawa da bututun. Za ku lura da abu biyu: nisa ya ƙaru, amma sai kun saita sosai. Zuciyar leza-tag ke nan a hannunku, a siffar tocila.

Ga tambayar wannan mako: ƙwallo mai nauyin giram 0.25 ya fita da gudun mita 90 a daƙiƙa, jul nawa ke nan? Ku aiko mana da amsa tare da yadda kuka yi lissafin, da sunan makarantarku da ajinku.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.