Littafin da Ba Mai Karantawa Sai Mu da Allah

Idan kaka ta yi a ƙasar Rano da Kibiya, da wuya a sami magidancin da bai san damin dawa nawa ya shiga rumbunsa ba. Mai shago yana da littafin bashi, ma'ajin ikkilisiya yana da na baiko da zakka, zumuntar mata ma tana da nata na adashi. Kome muna lissafinsa, amma ban da zuciyarmu. Ra'ayinmu shi ne, ya kamata kowane mai bi da ya iya rubutu ya sayi ɗan littafi guda, ya riƙa rubuta gaskiyar halinsa a ciki, ba domin kowa ya gani ba.

Dalili kuwa a fili yake. An yi mana tarbiyya da kunya da kawaici, abu ne mai kyau. Amma ko ciki na tafasa, in an gaishe mu sai mu ce lafiya lau. Ran Lahadi in mun tashi ba da shaida a majami'a, mukan zaɓi abin da zai yi daɗin ji. Yau da gobe, sai mu ma mu gaskata labarin da muke ba mutane. Ga wanda ya shekara uku ba ya gaisawa da ƙanensa saboda iyakar gona, amma yana cin Jibin Ubangiji hankali kwance, domin a ransa ƙanen ne kaɗai mai laifi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu tuna da sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12. Da annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, nan take ya fusata ya yanke hukunci, bai gane kansa ake nufi ba. Sai da aka nuna masa, sa'an nan ya tuba, Zabura 51 kuwa ita ce addu'ar tubansa. Ba kullum za mu sami Natan ba. Amma abin da muka rubuta da hannunmu, in mun sāke karantawa bayan wata guda, kamar labarin wani muke karantawa, sai idonmu ya buɗe.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ikkilisiya. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wajen shekara ta 400 ya rubuta littafin furta zunubansa. Har satar 'ya'yan itace da ya yi yana ɗan shekara 16 bai ɓoye ba, ya kuma yarda ba yunwa ta sa shi ba, daɗin ɓarnar kawai ya ji.

Wani zai ce, ai addu'a ta isa. Addu'a ita ce gaba, babu shakka. Sai dai sau nawa muke roƙon gafarar "zunubanmu" a dunƙule, ba tare da mun kira ko ɗaya da sunansa ba? Alƙalami ba ya yarda da dunƙule. Wani kuma zai ce, gidanmu da yawa, yara ko mai gida za su gani. Wannan tsoro gaskiya ne. A sa littafin a akwati mai kwaɗo, kada a rubuta sunan kowa, in ta kama a ƙone shafin bayan an yi addu'a a kansa. Wanda bai iya rubutu ba kuwa, ya keɓe a gona ya faɗa wa Allah da baki, dalla-dalla.

'Yan'uwa, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, iyayenmu da yawa kuma domin su karanta shi suka koyi boko. Da wannan Hausar za mu rubuta. Minti goma kafin barci ya isa. Mu sa kwanan wata, mu amsa tambaya uku: Wa na ɓata wa rai yau? Me na faɗa wanda ba haka yake ba? Me zan gode wa Allah dominsa? In sunan mutum ɗaya ya yi ta zo mana a rai mako bayan mako, to, mu rufe littafin, mu tashi mu je gidansa.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.