LAFIYA UWAR JIKI: Suna ukku, magani ɗaya



Bayan girbin hatsi, wani maƙwabcina ya yi fama da ciwon baya da masassara. Ya tafi likita ta garinmu, aka rubuta mishi Doliprane. Kwana biyu bai ji sauƙi ba, sai ya hau mota zuwa birni. Can aka ba shi Efferalgan, don bai faɗi abin da yake sha ba, kuma karne ɗinshi yana gida. Ranar kasuwa ya ƙara da Panadol wajen mai tebur. Yana haɗa su duka, safe, rana da dare.

Da na kai shi wurin majo, sai ya ce a zube kwalayen bisa tebur. Ya nuna muna ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. Duka ukkun kalma ɗaya ce: paracetamol. Riga ce kawai ta bambanta.

Babban mutum ba ya wuce giram 4 na paracetamol cikin yini da dare, wato ƙwaya 8 masu lamba 500. Yaro, da mai ciwon hanta, nasu bai kai haka ba. In an zarce, hanta ke ƙonewa, kamar yadda takin zamani ke ƙone hatsi in ya yi yawa a gindi ɗaya. Abin tsoro, ranar farko mutum na iya jin ba komi. Sai bayan kwana biyu ko ukku ido ya yi rawaya. Maƙwabcina ya yi sa'a, an tare shi da wuri.

Akwai wani dangi kuma: aspirine, ibuprofène da diclofénac. Masu noma suna son su don ciwon gaɓoɓi. Haɗa biyu cikinsu ba ya ƙara sauƙi, sai dai gyambon ciki, zubar jini da lalacewar ƙoda.

A ganina laifin ba na maras lafiya kaɗai ba ne. Ma'aikacin da zai rubuta takardar magani, aikinshi ne ya tambaya: "Mi kake sha yanzu?" In bai tambaya ba, kai ka faɗa. Ka zuba dukan magungunan gida cikin jaka, har na kasuwa da na gargajiya, ka tafi da su tare da karne.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, yau da dare ku ɗauko kwalayen tsofaffinku, ku haska fitila, ku karanta musu ƙaramin rubutun.