A Cire Wa Dodo Rawani Mu Ga Fuskarsa

Masu shirya mana finafinan Hausa sun iya boka. Sun iya jan ƙyalle, ƙwarya, hayaƙi da dariyar mugunta. Abin da har yau suke jin nauyin yi shi ne su nuna mana cewa yawancin masu wannan sana'a 'yan damfara ne. A fim ɗinmu, in boka ya jefi yarinya, jifar na kamawa. Ko da ya tuba a ƙarshe, mai kallo ya riga ya tashi da imanin cewa aikinsa na ci. Wannan talla ce kyauta, kuma talakan Boɗinga da Shagari ne ke biyan kuɗinta da akuya da buhun gero.

A Amurka an yi wani shirin barkwanci mai suna Psych, daga 2006 zuwa 2014. Jaruminsa, Shawn Spencer, yana gaya wa 'yan sanda cewa yana ganin gaibu, alhali mai kallo ya san sirrinsa: lura ce kawai da ƙwaƙwalwa mai riƙo. A 2009 suka fitar da wani kashi mai suna Tuesday the 17th, suna kwaikwayon fim ɗin ban tsoro na Friday the 13th cikin zolaya. Ga daji, ga dare, ga mai rufe fuska. Za ka razana, ka yi dariya, sannan bincike ya kai ka ga ɗan Adam mai dalilinsa. Zanen yara na Scooby-Doo ma tun 1969 haka yake yi: a kama fatalwa, a tuɓe mata abin rufe fuska, sai ga makwaɗaicin da kowa ya sani.

Ba ƙwarewa muka rasa ba. Sakkwatawa sun sha dariya a Idon Matambayi na NTA Sakkwato, marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya nuna babu rigar da ba ta zolayuwa, Gidan Badamasi kuma ya tabbatar da cewa barkwanci mai dogon zango na da kasuwa. Ƙarfin hali muka rasa.

Na san za a ce aljanu gaskiya ne, sihiri ma haka, don haka ba abin wasa ba ne. Babu mai musun abin da Alƙur'ani ya tabbatar. Amma samuwar aljani ba ta mayar da kowane motsi a rufin kwano aljani ba, kuma ba ta wanke mai karɓar kuɗin zawarawa da sunan sarkin aljanu. A Sifawa, nan cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan jihadi yana karantarwa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. A littafinsa Nurul Albab, Shehu ya soki duba da yanka wa itatuwa da duwatsu. Mai tona asirin boka bai saɓa wa wannan gado ba.

Tsoron nan kuwa yana cin mutane. Tsohuwa marar gata ake nunawa da maita in yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro, duk da cewa dokar laifuka ta haramta wannan zargi. Mai farfaɗiya ake turara wa hayaƙi maimakon a kai shi asibiti. Baƙo a kasuwa ake rufarwa da duka in wani ya yi ihun an sace masa gaba.

Don haka ga ƙalubale ga marubutanmu. Ku ba mu ɗan sanda mai wauta da abokinsa matsoraci, ku tura su gidan da aka ce aljanu na jifa da dare. Ku tsorata mu sosai. Sannan ku haska tocila mu ga maƙwabcin da ke son sayen filin da araha. Yaron da ya yi wa wannan dariya a wayarsa, gobe in an ce masa kakar wani mayya ce, zai tambayi shaida kafin ya ɗauki dutse.