Zauren Malam: Jinjiri Mai Haki Da Maganin Zuciya

A watan jiya mun je barka a unguwar Gurda, muka tarar da jinjiri ɗan wata biyu yana shan nono yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi, ga shi kuwa lokacin sanyi ne. Ya ja sau uku ya saki, ya huta, ya sake kamawa. Kakarsa ta ce beli ne, a kira wanzami. Allah ya sa uban ya fara kai shi babban asibitin Sabha, aka duba aka ce huda ce a tsakanin ɗakunan zuciyarsa, jini na kwarara cikin huhu fiye da kima.

Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwarsa da wata naƙasa a zuciya. Wata hudar takan toshe da kanta. Wata kuwa sai aiki, kuma galibi sai an dangana da cibiyar zuciya ta Tajura a Turabulus, tafiyar fiye da kilomita 700. Kafin nan magani ne ke riƙe yaro.

Na farko shi ne Lasix, mai sa fitsari don ruwan da ya taru a huhu ya ragu. Akwai Captopril, mai sassauta hanyoyin jini don zuciya ta sami sauƙin turawa. Sai Digoxin, wanda asalinsa ganye ne da wani likitan Ingila, William Withering, ya yi rubutu a kansa tun 1785. Likitocin yanzu sun rage ba da shi, amma har gobe ana rubutawa.

A kan wannan na ƙarshen za mu ɗan tsaya, mu yi lissafi irin na aji. Ruwan Digoxin na yara yana da miligiram 0.05 a kowace mililita. Ƙwayar manya guda kuwa 0.25 ce, wato wajen ninki shida na abin da jinjiri mai kilo 4 zai sha a yini. To mu da muka saba da gutsurar ƙwayar maƙwabci, da aunawa da cokalin shayi, ina muka dosa? Da sirinji ake auna shi, bisa nauyin yaro, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli duk zuwa asibiti. In ya amayar, kada a maimaita. In an manta na safe, kada a haɗa biyu da dare.

Ga kuma zafin Fezzan. Yaron da ke shan Lasix in gudawa ta kama shi, nan da nan jikinsa ke bushewa, gishirin fotasiyam ya ragu a jini, shi kuma Digoxin ya koma guba. Amai, ƙin nono, yawan barci ko bugun zuciya ya yi sanyi, a ranar za a koma wurin likita, da kwalaben a hannu.

Masu tafiya gida Agadas ko Damagaram, a nemi likita ya rubuta sunan maganin da awonsa da boko, domin can ba kowane mai kantin magani ke karanta Larabci ba.

Jinjirin Gurda dai ya fara ƙiba, ana jiran ranar zuwa Tajura.