Sabon giyabos ba a yi masa lodin tattasai ranar farko

A tashoshin Diffa akwai maganar da aka maimaita har ta zama kamar karatu: wai mota mai canza giya da kanta, wato otomatik, ba motar ƙasarmu ba ce. Hujjar masu faɗin haka ita ce, mutum zai ci bashi ya sayo giyabos a ɗaura wa a-kori-kurarsa, kafin wata uku giya ta soma sulluɓewa, mai ya yi baƙi yana warin ƙuna, mota ta koma gareji. Sai a ɗora laifin kan ɗan kasuwa ko kan rairayin Manga. A ganina, yawancin waɗannan giyabos tun a makon farko ake kashe su, tsakanin sakacin bakanike da gaggawar mai mota.

A motar giyar hannu, kuloci ne ke haɗa inji da taya kai tsaye. A otomatik kuwa mai ne ɗan aike. Akwai wani tulun ƙarfe tsakanin inji da giya, cike da mai. Inji na juya fanka ɗaya, man ya tura ta biyun, mota ta motsa. Man nan dai shi ke matse faifan da ke canza giya, shi ke hana ƙarafa cin juna, shi ke kwashe zafi. Yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80, amma da ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, robobin ciki su bushe. To a Afrilu da Mayu zafin inuwa ma ya kan wuce digiri 40 a nan. Kuma da ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi Gure da Maine-Soroa da Diffa zuwa N'Guigmi, ka nufi Tumur da Bosso, sai yashi da rani, taɓon Komadugu da damina. Mota mai nauyi tana rarrafe cikin yashi, nan ne man ya fi tafasa.

Hakkin bakanike abu huɗu ne. Na farko, ya wanke bututun da ke kai man giya wurin sanyaya shi a lagireto. Tsohon giyabos da ya mutu ya bar garin ƙarfe a ciki, in ba a fitar ba sai ya zarce cikin sabon. Na biyu, ya zuba man da kamfani ya ce. Dexron daban, T-IV na Toyota daban, WS daban, ko da yake duka ja ne a ido. Na uku, ya auna man a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki kuma ya yi ɗumi, domin awon sanyi ruɗi ne. Na huɗu shi aka fi mantawa. Motocin yanzu suna da ƙaramar kwamfuta da ke koyon halin giyabos. Ta saba da tsoho mai ciwo, tana ta daidaita masa matsin mai. In ba a jona na'ura an goge abin da ta haddace ba, za ta yi wa sabon mu'amalar tsohon, ka ji mota na fizga ko tana jinkirin shiga giya.

Sauran hakkin na mai mota ne, shi ne abin da muke kira rodaj. Kwanakin farko a bi kwalta, ba kaya ko rabin lodi, a taka totur a hankali har giya ta bi matakanta duka ta sauko. Zuwa Maine-Soroa da dawowa sau biyu ko uku zai nuna in akwai yoyo. Littattafan motocin Toyota da dama sun hana jan tirela a kilomita 800 na farko, to ina ga buhunan tattasai har sama da kan direba? Kuma tunda yawancin abin da muke kira sabo an ciro shi ne daga wata mota a waje, ya kamata a sake mai da matata bayan wannan ɗan zagaye. In an shiga yashi a rage iskar taya, a sa ƙaramar giyar da ke jan ƙafa huɗu. In mota ta kafe kada a riƙa watsa ta daga D zuwa R taya na juyawa. A tuna kuma otomatik ba ta tashi da turi, kuma janta nesa da igiya, taya a ƙasa inji a kashe, yana cinye ta.

Mai mota zai ce mako guda ba lodi, wa zai biya masa bashi? Uzurinsa abin saurare ne. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a Fabrairun 2015, aka hana babura, aka takura cinikin tattasai da kifi, jari da yawa ya karye. Rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, musamman hanyar Kwatano, ya ƙara wa kayan gyara tsada. Amma wannan tsadar ita ce hujjata. Wanda ya haɗa kuɗi da ƙyar ya aika Maiduguri ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, shi ne bai da halin sayen na biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Lamarin ma ya wuce kuɗi. Mutanen Bosso ba su manta da 6 ga Fabrairun 2015 da 3 ga Yunin 2016 ba. A wani wuri in mota ta lalace, jinkiri ne kawai. A dajinmu motar da ta tsaya da la'asar sakaliya, da mata da yara a baya, ko majinyacin da ake kaiwa asibiti Diffa, rayuka ne aka ajiye a fili.

Wasu sun ce mu koma giyar hannu mu huta. Wanda ya samu, madalla, domin kowane gareji ya san ta. Sai dai kasuwa ba ta shawara da mu, motocin hannu da ke fitowa daga Amurka kusan duka otomatik ne. Fasahar kuma ba ta jiya ba ce: kamfanin General Motors ya fito da Hydra-Matic tun 1939, har a tankokin Yaƙin Duniya na Biyu an sa ta. Abin da ya ja tanki ba yashin Tumur ne zai gagare shi ba, in an san kansa.

A nan gibin yake. Yaran da ke koyon kanikanci da yawansu sun bar aji tun kafin su iya karatu sosai, takardun mota kuwa da Faransanci ko Ingilishi suke. Duk malamin makaranta ya san waɗannan yara, kaifin kai suna da shi, takardar da za su iya karantawa ce babu. Ƙungiyar direbobi da cibiyoyin koyon sana'a na iya fitar da shafi guda da Hausa da Barbarci, mai ɗauke da sunan man kowace mota da matakan nan, a manna a kowane gareji. Kanikawa biyar ko shida su haɗa kuɗi su sayi na'urar gwaji guda. Bakanike kuma ya yi sharaɗi gaban shaidu: ba ya ɗaukar alhakin giyabos sai mai mota ya cika kwanakin rodaj. Ranar da aka fara haka, za a san wanda ke da laifi in mota ta tsaya.