Daɗin Tunisiya a bakin wa?

Duk wanda ya taɓa zama da Turawan da suka yi hutu a Tunisiya, ko ya kalli shirye-shiryen yawon buɗe ido na gidajen talabijin ɗin Faransa, ya san waƙar da ake rerawa, domin baitocinta ba sa canzawa. Wai ƙasa ce ta rana da teku, mutanenta masu fara'a, abincinta mai araha, hanyoyinta lafiya lau. A nuna farin bango da shuɗiyar ƙofa a Sidi Bu Sa'id, a nuna raƙumi a bakin rairayin Duz, a nuna tsoho yana sayar da furen yasmin a Hamamet, shi ke nan an gama bayanin ƙasa mai mutum miliyan 12. Wasu ma sun wuce hutun mako biyu. Tsofaffin ma'aikata ne daga Faransa da Italiya da suka tattara nasu-ya-nasu suka tare a Jarba ko Hamamet, suna cin fanshonsu a can, suna aika wa ƴan'uwa labarin cewa sun samu aljannar duniya a farashin gwanjo.

Wannan waƙa tana isowa Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma tana samun masu saurare. Ma'aikacin da ke neman inda zai kai majinyacinsa, da ɗan kasuwar da ke son tura ɗansa jami'a, duk suna ji suna ɗauka. Abin da ba a faɗa musu shi ne, mai ba da wannan labari fasfonsa da aljihunsa yake yabo, ƙasar kuwa bai gan ta ba. Hausawa sun yanke hukunci tun da daɗewa, suka ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa ba ta san zafin azahar ba.

A fara da maganar araha. Araha ga wa? A shekarar 2023 mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yanke a Tunisiya bai kai dinari 500 a wata ba, wato bai cika jikka ɗari ta kuɗin sefa ba. Baturen da ke karɓar fanshon yuro 1,500 yana riƙe da albashin leburori goma a hannu guda, ga shi kuma dokar ƙasar ta ɗauke kashi 80 cikin ɗari na wannan fansho daga lissafin haraji, muddin ya shigo da kuɗin cikin bankin Tunisiya. To me zai hana shi ganin kifi da man zaitun kamar kyauta? Arahar da yake yabo guminta a goshin wani yake: mai shara, mai wanki, yaron da ke kawo masa gahawa. A 2022 da 2023 sukari da madara da shinkafa sun riƙa ɓacewa daga kantuna, aka bi layi a ƙofar gidajen burodi, hauhawar farashi ta haura kashi 10 cikin ɗari a Fabrairun 2023, a ƙarshen Maris kuma kamfanin ruwa na gwamnati ya fara yanke famfo da dare saboda fari. Wanda ya biya kuɗin ci da sha da kwana tun daga Paris ba ya bin layin burodi, saboda haka babu burodi a cikin labarinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sai maganar zaman lafiya, wadda ita ce ta fi daɗewa a bakin baƙi. Shekara 23 Zainul Abidin Ben Ali ya yi yana mulki, daga 1987 zuwa 2011, yana cin zaɓe da kashi 99 cikin ɗari a 1994 da 1999, kurkukunsa cike da ƴan adawa, amma takardun tallar otal ba su taɓa fasa kiran ƙasar tsibirin kwanciyar hankali ba. Da shugaban Faransa Jacques Chirac ya ziyarci Tunis a Disambar 2003, aka tambaye shi zancen haƙƙin ɗan Adam, sai ya nuna cewa haƙƙi na farko shi ne mutum ya ci, a yi masa magani, ya yi karatu, ya samu muhalli, kuma a wannan fage Tunisiya ta yi wa ƙasashe da dama nisa. Ma'anar maganar a fili take: wanda aka ciyar ya kama bakinsa.

Ranar 17 ga Disambar 2010 Muhammad Bu'azizi, mai tallar kayan marmari, ya cinna wa kansa wuta a Sidi Buzid, tafiyar ƴan awoyi a mota daga otal-otal na Susa. A ƙarshen wannan wata, gari yana ci da wuta, ministar harkokin wajen Faransa Michèle Alliot-Marie tana hutu a Tunisiya, har tana shiga jirgin wani attajiri na kusa da fada. Da ta koma gida, ranar 11 ga Janairun 2011, ta tsaya a majalisar dokoki ta yi tayin ƙwarewar ƴan sandan Faransa wajen kwantar da tarzoma. Kwana uku bayan haka Ben Ali ya tsere Saudiyya, ita kuma ta rasa kujerarta kafin Fabrairu ya ƙare. Idan minista mai ofishin jakadanci da ƴan leƙen asiri a hannunta ta yi hutu a tsakiyar juyin juya hali ba ta gane ba, me za a tsammata daga mai hutun mako guda? Tun ranar 25 ga Yulin 2021 da shugaba Kais Sa'id ya dakatar da majalisa, ƴan adawa da lauyoyi da ƴan jarida suka sake cika kurkuku, waƙar baƙi kuwa tana nan yadda take, teku bai daina zama shuɗi ba.

Sauƙin tafiya ma haka yake. Bafaranshe ya hau jirgi a Paris, cikin awa biyu da rabi ya sauka Tunis, babu biza, ya yi wata uku in ya ga dama. Yaron da ke gyara masa gado, in yana son ganin Paris ɗin, sai ya tara takardun banki da na aiki da na masauki, ya biya yuro 90 na bizar Schengen, wanda ba a mayar masa ko an hana shi. A Satumbar 2021 Faransa ta sanar da rage bizar da take ba ƴan Tunisiya da kashi 30 cikin ɗari, sai bayan shekara guda ta janye. Teku ɗaya ne, Bahar Rum, amma na arewa yana tsallake shi a sama da kofin shayi a hannu, na kudu yana shigarsa da dare cikin kwalekwale, yana nufin tsibirin Lampedusa na Italiya da bai kai kilomita 200 daga gaɓar ba, ko ya isa ko ruwa ya ci shi.

Faransanci ma ya tanadi suna biyu domin kada a haɗa baƙin a tabarma ɗaya. Wanda ya zo daga arewa «expatrié» ne, suna mai ƙamshin turare. Wanda ya zo daga kudancin Sahara «migrant» ne, ko da ɗalibin likitanci ne, ko da ya fi na farkon takardun karatu. Bettino Craxi, wanda ya riƙe muƙamin firaministan Italiya daga 1983 zuwa 1987, ya gudo Hamamet a 1994 shari'ar cin hanci tana bin sa, kotunan ƙasarsa suka yanke masa ɗauri ba ya nan, ya zauna cikin gidansa a mutunce har ya mutu a Janairun 2000, a can aka binne shi. Ɗalibi baƙar fata kuwa da takardar zamansa ta maƙale a ofis, an daɗe ana cin irinsa tarar dinari 20 a kowane mako, ta taru ta zama bashin da ke hana shi ko komawa gida. Wane ne cikin biyun ya karya doka babba?

Shekarar 2023 ta yaye sauran mayafin. Ranar 21 ga Fabrairu shugaba Kais Sa'id ya faɗa wa majalisar tsaron ƙasarsa cewa shigowar baƙi daga kudancin Sahara wani shiri ne na mugunta da aka ƙulla don canza jinsin al'ummar Tunisiya, a raba ta da Larabawa da Musulunci. Adadin waɗannan baƙi a lissafin hukuma wajen 21,000 ne, cikin mutum miliyan 12. Cikin ƴan kwanaki masu gidajen haya suka watso mutane waje, masu aiki suka sallami leburori, aka tare wasu a titi aka doka. Ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke ƙasar ta shawarci membobinta su kulle kansu a ɗaki. Tarayyar Afirka ta yi tir da jawabin, ƙasashen Gini da Mali da Kwaddibuwa suka aika jirage a Maris suka kwashe ƴan ƙasarsu. A Yuli, bayan kisan wani ɗan Tunisiya a birnin Safakis, wanda Faransawa ke kira Sfax, aka kwashi ɗaruruwan baƙaƙe, har da mata da yara, aka zube su a hamadar iyakar Libiya da ta Aljeriya a tsakiyar bazara. An tsinci gawarwaki fiye da ashirin a ɓangaren Libiya kaɗai. A cikin wannan wata, ranar 16, shugabar hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen da firaministocin Italiya da Holan suka sauka fadar Kartaj, suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ƙunshi yuro miliyan 105 na tsare iyaka. A wannan lokaci ne kuma kakar hutu ta kai ƙololuwa a Jarba da Susa. Duka biyun baƙi ne, a ƙasa ɗaya, a wata ɗaya. Ɗaya ya kwanta a rairayi don rana ta gasa masa fata, ɗaya rairayin ya zama kabarinsa.

Abin takaici, baƙar fata ba baƙuwa ba ce a Tunisiya. Ayarin fatake ya yi ƙarnuka yana haɗa Kano da Katsina da Agadas da gaɓar Bahar Rum. Risala da almajirai ke karantawa a zaurukan Damagaram, malamin Ƙairawan ne ya rubuta ta, Ibn Abi Zaid. Bayin da aka kora arewa daga Borno da ƙasar Hausa sun bar jikoki a can, kuma kiɗan istambeli da ake yi a Tunis ɗan'uwan bori ne, ɗaya daga cikin gidajensa ma Dar Barnu ake kiransa. Ahmad Bey ya haramta bauta a 1846, shekara biyu kafin Faransa. Duk da haka sai a 2020 wata kotu a kudancin ƙasar ta yarda wani dattijo ya cire kalmar «atig», wato ƴantaccen bawa, daga sunan danginsa. Jagoran masu yawon buɗe ido yana kai baƙi kangon Kartaj da filin wasan Rumawa na Al-Jam, wannan tarihi kuwa ba ya cikin takardarsa.

Wani zai ce ai yawon buɗe ido ne ke ciyar da dubban gidaje, mai sukarsa yana zuba wa talaka ƙasa a tuwo. Gaskiya ne ana ci da shi. Bayan harin gidan tarihi na Bardo a Maris 2015 da na bakin tekun Susa a Yuni, wanda ya kashe mutum 38, otal-otal da yawa sun rufe, masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi jin jiki. Babu mai cewa Bature ya daina zuwa hutu. Ya zo, ya yi wanka, ya biya. Abin da ba za a karɓa ba shi ne ya koma gida ya zama shaida a kan rayuwar da bai ɗanɗana ba. A 2019 baƙi fiye da miliyan 9 suka shiga Tunisiya, kusan rabinsu daga Aljeriya da Libiya, amma muryar da duniya ke ji ta Paris ce da Roma, domin su ke da jaridu da gidajen talabijin.

Haka kuma zalunci ne a shafa wa dukan ƴan Tunisiya baƙin fenti. Majalisarsu ce a Oktoban 2018 ta kafa dokar hukunta wariyar launin fata, abin da maƙwabtanta ba su riga ta yi ba. Ƴan ƙasar ne suka fito titin Tunis ranar 25 ga Fabrairun 2023 suna Allah wadai da jawabin shugabansu, wasu suka ɓoye baƙi a gidajensu, suka kai musu abinci. Sa'adiya Musbah, baƙar fata ƴar Tunisiya da ta daɗe tana yaƙi da wariya, an kama ta a Mayun 2024. Irin waɗannan su ne ƴan gari, su suka san inda ƙaya take, su ya kamata a saurara.

Saura kuma hukumomin Nijar, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙasar da ta kafa dokar 2015 ta hana jigilar baƙi ta Agadas don faranta wa Turai, ta riƙe ta har Nuwamban 2023, ta san yadda ake zama maigadin ƙofar wani. Mafi ƙarancin abin da ke kanta shi ne ta san adadin ɗalibanta da majinyatanta da ke Tunis da Safakis, ta san halin da suke ciki, ta buɗe baki in an taɓa su.

Ɗan kasuwar da ke shirin tura ɗansa karatu, da ma'aikacin da ke haɗa kuɗin asibiti, babu wanda ya hana su zuwa. Akwai likitoci ƙwararru a Tunisiya, akwai makarantu na ƙwarai. Amma kafin a sayi tikiti, a nemi wanda ya je da irin fasfon da za a je da shi, da irin fatar da za a je da ita. A tambaye shi wata nawa takardar zama ke ɗauka, wace unguwa ake ba baƙi haya, da wane suna yara ke kiran sa a titi, wa ke amsa waya a ofishin jakadanci in dare ya yi. Labarin mai hutu kuwa a bar wa masu hutu, domin wanda aka goya bai san nisan hanya ba.