Maƙabartar Karnuka ta Asnières: Abin Dariya ko Abin Nazari?

Galibin ɗaliban da Allah ya nufa da zuwa Faris sukan dawo da labarin hasumiyar Eiffel da gidan tarihi na Louvre. Da wuya a sami wanda ya ƙetara kogin Seine zuwa garin Asnières don ya ga maƙabartar karnuka, in ma ya ji labarinta sai ya yi dariya ya ce Turawa sun rasa abin yi da kuɗi. Wannan dariya ba ta dace da mai neman ilmi ba, domin fada da gidan tarihi abin da hukuma ke so a gani suke nunawa, ita kuwa maƙabartar tana nuna abin da mutanen birni suka ɓoye a zuci.

Asalinta ma maganar tsabta ce kafin ta zama ta ƙauna. A da, mushen dabbobi a kogi ake jefa shi ko a juji. A 1898 aka kafa doka cewa sai a binne dabba nesa da gidaje da aƙalla mita 100, a ƙarƙashin ƙasa mai kaurin mita guda. Ganin haka sai Georges Harmois da 'yar jaridar nan Marguerite Durand suka sami fili a wani tsibiri, aka buɗe maƙabartar a 1899. Ko da yake da karnuka ake kiran ta, akwai kyanwoyi da dawaki da birai, har da zakin ita Durand ɗin.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka kafa ta ba su daidaita mutum da dabba ba. Ƙa'idarsu ta hana addu'ar jana'iza, ta kuma hana kafa gicciye a kan kabari. Ke nan mai zargin cewa an mai da kare ɗan Adam bai san ƙa'idar wurin ba. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Mutanen Asnières sabon ne ya fi ƙarfinsu, amma duk da haka sun ja iyaka.

Darasi mafi girma ga ɗalibin adabi yana bakin ƙofa, inda aka gina babban dutsen tunawa da Barry, karen da ya yi aikin ceton matafiya a tsaunukan da ke tsakanin Suwizalan da Italiya. Rubutun dutsen ya nuna ya ceci mutum 40, na 41 ya kashe shi. Labari mai ratsa jiki, sai dai ƙarshensa ƙage ne. Barry ya tsufa, aka kai shi birnin Bern, can ya mutu a 1814, shekara 85 kafin a buɗe maƙabartar, kuma fatarsa na gidan tarihin Bern. Wato ko ƙashinsa ɗaya babu a Asnières. Sau da yawa akan raina labarin baka, a ce sai abin da aka rubuta. To, ga almara an sassaƙa ta a dutse, masu ziyara kuwa suna ta kwafewa a littattafansu.

Ba a ce wurin ba shi da abin suka ba. Hayar kabari ake yi, wanda ya daina biya a ba wani gurbinsa, ga kuma duwatsun marmara masu tsadar gaske. Amma mai karanta rubuce-rubucen a natse zai ga kaɗaici ya fi alfahari yawa a cikinsu: tsofaffi ne da dama ke shaida cewa ba su da kowa sai wannan dabba. Shi ya sa da aka yi niyyar rufe wurin a 1987 jama'a suka tashi tsaye, har hukuma ta ba shi kariya.

Masu yawon buɗe ido sun fi neman kabarin Rin Tin Tin, karen da wani sojan Amurka ya tsinta a Faransa a 1918, ya shahara a siliman Hollywood, ya mutu a 1932. Wanda ya fi cancantar tsayawa shi ne na wani karen titi marar ubangida da ya zo ya mutu a bakin ƙofar a 1958. Masu kula da wurin suka binne shi, suka yi masa dutse, shi ne dabba ta 40,000 da aka rufe a can.